Tambaya da Amsa: Ƙananan Gidajen da Ake Ginawa a Talabijin

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni da maigidana muna yawan kallon shirye-shiryen Amurka da ake gina ɗan ƙaramin gida a kan tayoyi, wanda bai kai girman ciki da falo ba, amma an yi masa kicin da banɗaki da wurin kwana. A ƙarshen kowane shiri sai masu gidan su yi ta murna har da hawaye, suna cewa sun rabu da bashi. Shin da gaske mutane suna zama a irin wannan gida shekara da shekaru, ko kuwa abin kallo ne kawai? Mu da haya ta ishe mu, za mu iya yin irinsa? Daga wata malamar makaranta, Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Gidajen na gaske ne, kuma akwai masu zama a cikinsu. Sai dai shirin yana ƙarewa ne a ranar da aka miƙa makulli, alhali kuwa daga wannan rana ce ainihin matsalolin ƙaramin gida suke farawa, kuma su ne ya kamata mai shirin sa kuɗinsa ya fi sani.

Yawancin waɗannan shirye-shirye sun ɓullo ne a 2014. A shekarar ce tashar FYI ta fara nuna Tiny House Nation, wanda John Weisbarth ya gabatar tare da kafinta Zack Giffin, kuma a cikinta ne tashar HGTV ta kawo Tiny House Hunters da Tiny House, Big Living. Amma tunanin ya girmi shirye-shiryen. Tun a 1999 wani mutum mai suna Jay Shafer ya gina wa kansa ɗan gida a kan tayoyi a jihar Iowa, daga baya ya kafa kamfanin Tumbleweed mai ƙera irinsu. Abin da ya sa jama'a suka karkato gare shi shi ne rikicin bashin gidaje na 2008, lokacin da miliyoyin Amurkawa suka kasa biyan bankuna aka ƙwace musu gidaje. Ga shi kuma a wancan lokaci gidajen ƙasar sai ƙara girma suke yi, domin matsakaicin sabon gida ya tashi daga murabba'in ƙafa 1,660 a 1973 zuwa sama da 2,600 a 2015, kuma mutum yakan shafe shekara 30 yana biyan bashinsa. Saboda haka hawayen da kike gani ba na banza ba ne. Wanda ya ga an fitar da iyayensa daga gidansu saboda bashi, dole ne ya yi murna da ɗakin da ya san nasa ne, komai ƙanƙantarsa.

Game da girma, ƙa'idar gine-ginen zama da jihohin Amurka da dama suke aiki da ita ta ƙara wani sashe a 2018, inda ta ce ƙaramin gida shi ne wanda bai wuce murabba'in ƙafa 400 ba, ban da ɗan benen da ake kwana a kai. Idan kika ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 da 12, to gidan gaba ɗaya bai cika ɗaki uku ba. Na kan tayoyi kuwa ya fi haka ƙanƙanta, domin dokar hanya a yawancin jihohi ba ta yarda faɗin abin da ake ja ya wuce ƙafa takwas da rabi ba sai da izini na musamman, tsayinsa zuwa sama kuma ana tsayar da shi a ƙafa 13 da rabi don ya wuce ƙarƙashin gada. Wannan ne ya sa za ki ga yawancinsu sirara, kuma galibi ba a iya miƙewa tsaye a benen kwana. Mutum yakan hau ne ya rarrafa zuwa katifa, idan fitsari ya kama shi da tsakar dare kuma ya sauko ta tsani a cikin duhu. Matashi ba zai damu da haka ba, amma mai juna biyu ko dattijo mai ciwon gwiwa ba za su jure ba.

Babban abin da shirin yake tsallakewa shi ne wurin da za a ajiye gidan. Tayoyin da kike gani tun asali dabara ce ta kauce wa doka, domin garuruwa da yawa a Amurka sun ƙayyade mafi ƙarancin girman gidan da za a gina a kan tushe, sai masu wannan ra'ayi suka ɗora nasu a kan tirela don a lissafa shi a matsayin abin hawa. To amma abin hawa ma yana da tasa dokar, kuma a wurare da dama an hana mutum mayar da shi mazauninsa na dindindin. Shi ya sa wasu, bayan sun gama gini, suke ɓoye gidan a bayan gidan ɗan'uwa suna fargabar maƙwabci ya kai ƙara, wasu kuma suna biyan kuɗin fili duk wata, wato hayar da suka gudu daga gare ta ta dawo ta wata ƙofa. An ɗan samu sauƙi daga baya. Garin Spur na jihar Texas ya buɗe musu ƙofa a 2014, birnin Fresno na Kalifoniya ya halatta ajiye su a bayan gida a 2016, Los Angeles ma ta bi sahu a 2019. Duk da haka kowane gari da nasa hukunci.

Sai maganar kuɗi, wadda ake faɗin rabinta kawai. Jimillar kuɗin ƙaramin gida ba ta kai ta babba ba, amma idan aka raba bisa kowace ƙafa ya fi babba tsada, saboda kicin da banɗaki da wayoyin lantarki da bututun ruwa, waɗanda su ne suke cin kuɗi a kowane gini, duk suna nan ba a rage su ba. Bankuna ba su cika ba da bashin gida a kansa ba tunda ba ya tare da fili, kuma darajarsa takan ragu da shekaru kamar ta mota, alhali fili ƙara daraja yake yi. Haka nan banɗakin da ake nunawa a gurguje sau da yawa ba na ruwa ba ne, akwati ne da ake zuba garin katako a ciki, kuma mai gida ne zai riƙa kwashewa da hannunsa. Ya kamata ki sani kuma cewa irin waɗannan shirye-shirye ana tsara su. A 2012 wata mata da ta fito a House Hunters, shirin da Tiny House Hunters ya samo asali daga gare shi, ta bayyana cewa ita da mijinta sun riga sun mallaki gidan kafin a ɗauke su suna zagayen zaɓe.

Amsar tambayarki ta ƙarshe, a ganina, ita ce kada ku kwaikwayi gidan kamar yadda yake. An ƙera shi da katako saboda ƙasar da katako yake da yawa, an toshe shi ruf don maganin sanyi, an kuma kai wurin kwana can kusa da rufi inda zafi yake taruwa. A Zariya, cikin watan Afrilu, idan babu wuta, wannan bene ba zai kwantu ba, ga kuma gara da za ta far wa katakon. Bugu da ƙari, yawancin masu fitowa a shirin mutum ɗaya ne ko miji da mata, ba sa tunanin baƙon da zai kwana, ko raba wa yara maza da mata wurin kwana, ko tsakar gidan da ake girki da wanki. Abin da ya fi muku amfani shi ne ku fara da fili mai takardu ingantattu, ko da rabin fuloti ne, ku katange shi, ku yi ciki da falo da banɗaki, ku bar wurin da za ku ƙara ɗaki idan hali ya samu. Darasin shirin da zai yi muku aiki shi ne cewa ɗaki biyu da aka tsara da kyau sun fi huɗu da aka cika da kayan da ba a taɓa su.

TAMBAYA: Ni kafinta ne, kuma ina so in ƙaru da dabarun da ake nunawa. Wane shiri ne ya fi koyar da aikin hannu? Daga wani mai karatu, Maraɗi.

AMSA: Malam, Allah ya sa albarka a sana'a. A Tiny House Nation ka sa ido a kan aikin Zack Giffin, domin shi ne yake ƙera teburin da ake naɗewa a jikin bango da matakalar da kowane takinta aljihun ajiya ne, sai dai ana nuna aikin da sauri ba a tsayawa kan awo. Shirin George Clarke's Amazing Spaces, wanda tashar Channel 4 ta Ingila ta fara a 2012, ya fi nuna yadda ake mayar da tsohuwar bas ko kwantena wurin zama. Akwai kuma Living Big in a Tiny House na Bryce Langston, mutumin New Zealand, a YouTube, inda ake shiga gidajen da mutane suke zaune a ciki, su buɗe kowane aljihu su nuna yadda yake aiki. Ka fara gwada hannunka da gado mai aljihuna a ƙarƙashi da kabad ɗin da ya kai rufi, domin masu zama a ɗaki ɗaya suna da yawa a garuruwanmu. Ka kuma sayi patta da ƙarfen zamiya masu ƙwari, saboda kayan da ake naɗewa da buɗewa kullum ta nan suke fara lalacewa.