Kun Tambaya, Mun Amsa: Kubon da Rangwamen Kanti, Ina Ribar Take?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mu tara ne a gida, cefanen wata na neman fin ƙarfin maigidana. Maƙwabciyata ta ce ita da kubon (takarda ko lambar ragi) da urud (tayin rangwamen kanti) take samun sauƙi. Wata biyu ke nan ina cika arabiyya, wato keken tura kaya na kanti, da duk abin da na ga an yi wa ragi, amma kuɗin da muke kashewa ƙaruwa ma ya yi. Ina kuskuren yake? (Wata uwargida, Sharamansur, Makka)

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ai kin faɗi kuskuren da bakinki. Abin da aka yi wa ragi kike ɗauka, alhali abin da tukunyarki ke ci ya kamata ki bi. Banza ba ta kai zomo kasuwa: mai kanti yana karya farashin mai da kaza ne don ki shigo, ya san kafin ki isa wurin kashiya kin jefa biskit da lemo da turaren ɗaki da ba su cikin lissafinki.

Ki fara da tara fatura, wato rasit, ta wata guda cif, har ta baƙala, ƙaramin shagon unguwa. Za ki ga kaya kamar goma ne ke cinye yawancin kuɗin: shinkafa, mai, kaza, madarar gari, sukari, tumatirin gwangwani, garin wanki, famfas idan da goyo. Su kaɗai za ki yi wa farautar ragi. Ki samu ƙaramin littafi, gaban kowanne ki rubuta kuɗin kilo ɗaya ko lita ɗaya, domin kuɗin buhu da na jarka suna ruɗi.

Ga misali. A ce buhun shinkafa mai kilo 10 riyal 75 ne ba tare da wani ragi ba, kilo ya kama riyal 7 da rabi. Gefensa ga mai kilo 5, an soke 49 da jan layi an rubuta 39.95 da manyan lambobi. Raba shi gida biyar, kilo ya tashi kusan riyal 8. Mai jan layin ya fi tsada ke nan. Haka kazar firiza: mai giram 900 a riyal 13.50, kilo riyal 15 ne. Mai giram 1200 a riyal 17, kilo riyal 14 ne da 'yan halala (ƙananan kuɗin da ba su kai riyal ba). A cikin firiza kuwa duk kamarsu ɗaya, sai kin juya ledar kin karanta. Jarkar mai ma akwai lita 1.5 akwai lita 1.8, ido ba ya rabe su daga nesa.

Sai lokaci. Manyan kantuna irin su Panda da Othaim kan sauya urud ɗin mako ranar Laraba, ya ƙare Talata, kuma takardar tana fitowa a manhajarsu. Ki duba ta tun a gida, ki yi wa naki kaya goman alama, ki rufe. Ragi mai nauyi kan zo wajen ƙarshen wata, saboda ranar 27 ake biyan albashin ma'aikatan gwamnati, sai kuma cikin Sha'aban gabanin azumi, da kewayen Ranar Ƙasa ta Saudiyya, 23 ga Satumba, da Ranar Kafuwa, 22 ga Fabrairu. A irin waɗannan lokuta ake sayen abin da ba ya lalacewa da wuri, kamar garin wanki da sukari da kayan gwangwani.

Tumatir da albasa da dankali kuwa, kafin ki saya a kanti ki gwada farashin kwali a kasuwar Kakiya. Ku haɗa kuɗi ku uku da maƙwabta, mutum ɗaya ya je, ku raba. Amma a sa kuɗin mota cikin lissafi. Wanda ya biya tasi riyal 30 don ya ceci riyal 20 yawon shan iska ya je.

TAMBAYA: Na ga lambar rangwame an ce kashi 20 cikin 100 ce. Na yi odar cefanen riyal 300 a manhaja, na sa lambar, sai riyal 15 kawai aka cire. Cuta ce ko ni ne ban iya ba? (Wani magidanci, Jidda)

AMSA: Malam, ba a cuce ka ba, ƙananan rubutun da ke ƙasan tallar ne ba ka karanta ba. Kusan kowace lamba tana da iyaka. Za a rubuta kashi 20, a ƙasa kuma a ce «bi haddin aƙsa», wato kada ragin ya wuce kaza. Taka iyakarta riyal 15 ce, saboda haka a kan riyal 300 kashi 5 ka samu. Idan kuma an caje ka riyal 12 na kawowa, ribarka riyal 3 ce.

Sauran sharuɗɗan da kan hana lamba aiki: sai oda ta kai wani adadi, ta sabon mai saye ce, odar farko kawai, ba ta hawa kan kayan da aka riga aka yi musu ragi, ko sai an biya da katin wani banki. Wata kuma ba ta cire komai nan take, kuɗi ne za a zuba maka a asusun manhajar, mai wa'adi, in ka manta ya ƙone.

Ka zuba kayan da kake bukata a kwando tukuna, sannan ka sa lamba, ka dubi layin ƙarshe, jimillar da za ta fita daga aljihunka har da kuɗin kawowa. Ita za ka gwada da farashin kanti. Kada ka ƙara kayan riyal 40 da ba ka nufa ba don ka cika sharaɗin ragin riyal 15.

Abin da ya fi lamba tabbas, ko da yake a hankali yake taruwa, shi ne maki: katin Iktissab na Othaim, Qitaf na masu layin stc, Mokafaa na bankin Al Rajhi. Rajista kyauta ce, kuma a wasu kantuna akwai farashin da sai mai kati ke samu. Ka riƙa leƙa makin, shi ma yana da wa'adi. Biyan kashi-kashi na manhajojin Tabby da Tamara kuwa, a ganinmu ba na cefane ba ne. Shinkafar da aka cinye a Muharram a ce ana biyan kuɗinta har Rabi'u, ga kuma ta sabon wata tana jira.

TAMBAYA: A wani kanti na ga madara an rubuta riyal 59 a jikin shelf, da na dawo gida na duba fatura sai na ga 72. Na ce ko haraji ne. (Wata 'yar'uwa, Madina)

AMSA: Ba haraji ba ne, 'yar'uwa. Harajin kaya kashi 15 ne tun 1 ga Yuli 2020, kuma doka ta ce farashin da aka liƙa ya zama har da shi. Galibi ɗayan uku ne: ragin ya ƙare daren Talata ba a cire takardar ba, ko takardar ta wani girman gwangwani ce, ko an ƙayyade guda nawa mutum ɗaya zai ɗauka a farashin ragi. Ki riƙa karanta fatura kafin ki bar ƙofa, ki ɗauki hoton takardar shelf da waya, ki nuna wa mai kula da masu kashiya. Idan an ƙi gyarawa, Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafi a lamba 1900 da manhajar Balagh Tijari. Kada ki yar da faturar, ita ce shaidarki.

TAMBAYA: Na sayi shinkafa buhu uku da fulawa a ragin Sha'aban, yanzu duk ƙwari. (Wata uwar marayu, Rusaifa, Makka)

AMSA: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Sau da yawa ƙwan ƙwarin yana cikin hatsin tun daga ma'ajiya, zafin Makka ne ke ƙyanƙyashe shi. Shinkafar ba ta tashi a banza ba: ki baza ta a faranti, ki tankaɗe, ki wanke, ƙwarin za su taso saman ruwa. Fulawar da ta yi tsutsa ko ta sauya wari kuwa a haƙura da ita. Nan gaba ki ƙulla a leda kilo biyu-biyu, ki sa a firiza kwana huɗu zuwa mako guda, ki bari ta huce ta bushe, sannan ki juye a bokiti mai murfi, nesa da murhu, ba a kan dandaryar ƙasa ba. Kada ki sayi fulawar da ta wuce ta wata biyu. Mai kuma ki dubi «tarikhul intiha», wato ranar ƙarewar wa'adi, a jikinsa, don wani ragin na kayan da wa'adinsu ya kusa ne, kuma jarkar da ta sha zafi kan fara maƙaƙi tun kafin ranar.

TAMBAYA: An turo wa gurup ɗinmu na WhatsApp cewa wani babban kanti na raba kubon riyal 500, a latsa a cike. In cike? (Wani ɗalibi, Madina)

AMSA: Kada ka taɓa, ɗan'uwa. Za su tambaye ka lambar iƙama (katin izinin zama) da ta katin banki na mada, wai riyal ɗaya za a cire na tabbatarwa, sannan su ce ka rubuto lambar sirrin da banki ya turo maka. Da ita suke kwashe asusu. Kubon na gaskiya yana cikin manhajar kantin ko a jikin fatura. Idan ta saƙon tes irinsa ya zo maka, ka tura shi zuwa 330330. Wanda kuma ya riga ya cike a gurup ɗinku, ya kira bankinsa yanzu a rufe katin.