Shin gyaran ƙwayar halitta zai raba 'yata da sikila?

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 14 tana fama da sikila, kuma duk lokacin da sanyin Jos ya kankama sai mun kwanta asibiti. Na ji an ce yanzu ana gyara ƙwayar halittar mutum ya warke. Gaskiya ne? Kuma wannan ba sauya halittar Allah ba ne? Daga wata uwa, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya, Allah ya ba ta lafiya. Gaskiya ne. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy, wanda aka gina a kan fasahar CRISPR ta gyaran ƙwayar halitta, domin masu shekara 12 zuwa sama. Ana tace ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majiyyaci, a gyara su ta yadda za su koma samar da irin sinadarin jinin da jariri ke da shi a cikin mahaifiyarsa, wanda ke hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa kamar lauje, sannan a mayar masa da su. Kafin nan sai an ba shi magani mai ƙarfi irin na masu cutar daji, wanda kan iya hana haihuwa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne ga yarinya mace. Kuɗinsa a Amurka ya kai dala miliyan 2.2, abin da ke ci mini rai, tunda babu ƙasar da ta kai Najeriya yawan haihuwar masu sikila.

Game da halacci, gyaran ya tsaya ne a jinin majiyyaci kaɗai, domin haka malaman fiƙihu da dama suna kallonsa a matsayin neman magani. Taɓa ɗan tayi shi ne babbar matsala, saboda sauyin zai bi zuri'ar da ba ta ba kowa izini ba. A 2018 wani masanin kimiyya mai suna He Jiankui ya yi haka ga wasu tagwaye mata a Sin, daga baya kotu ta ɗaure shi shekara 3, kuma a ganina ya cancanci hukuncin.

Ko da 'yarki ta samu wannan magani, 'ya'yanta za su gaji ƙwayar sikila daga gare ta, don haka gwajin jinin manemi kafin aure wajibi ne. A yanzu ki tambayi likitanta ko maganin hydroxyurea ya dace da ita, ki kuma kula da shan ruwa, gidan sauro da rigar sanyi tun kafin hunturu ya shigo.