Amsa ga mai tafiya Zanzibar: ka fara da nutso, bakin teku ya zo daga baya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga tambayarka, cewa kai da iyali za ku Zanzibar hutun Disamba, kun shirya ku fara da yini a bakin teku, ranar ƙarshe kuma ka yi nutso da tukunyar iska kafin ku bi jirgin dare. Allah Ya kai ku lafiya. Amma shirin nan juya shi za ka yi, na ƙarshe ya dawo farko.

Ga dalili. Abin da ke cikin tukunyar nan ba zallar oksijin ba ne kamar yadda ake zato, iskar da muke shaƙa ce aka ɗura da ƙarfi, kuma wajen kashi 78 cikin 100 nata naitirojin ne. Duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kan jikinka yana ƙaruwa da kwatankwacin na iskar da ke kanmu a tudu. Wannan matsin ke tura naitirojin cikin jini da tsoka, kuma ba ya fita da fitowarka daga ruwa, sai a hankali. In ka hau jirgin sama bai gama fita ba, matsi ya ragu, sai ya zama kumfa a jiki. Daga ciwon gaɓoɓi da jiri, abin kan kai har shanyewar jiki. Ƙa'idar da makarantun nutso irin su PADI ke koyarwa ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 in an yi fiye da ɗaya. Masu koyarwar da na bi, kwana guda cur suke cewa, ni ma a kan haka nake.

Ka ce ka iya iyo tun kana yaro a kogin Galma. Zai rage maka fargaba, amma nutso wani karatu ne daban. Tunda ba ka da shaidar horo, na 'yan koyo za a sa ka: a fara da kai a ruwa marar zurfi, a koya maka fitar da ruwa daga tabarau da yin magana da hannu, sannan mai koyarwa ya sauka da kai, ba a wuce mita 12. Cikakken horon da ke ba da izinin mita 18 kan ci kwana uku zuwa huɗu, sai ya cinye muku hutun.

Abu biyu ka riƙe. Kada ka riƙe numfashi ko kaɗan, musamman wajen tasowa, don iskar da ke huhu buɗewa take yi. Sai kunne. Tun mita biyun farko za ka ji ya ɗaure. Ka toshe hanci ka hura a hankali har ka ji ya buɗe, ka yi ta maimaitawa kana sauka. In ya ƙi, ka ɗan taso, kada ka yi ta maza. Nan ne Disamba ke ba mu matsala mu 'yan Zazzau: ka baro hazon hunturu da mura, hanci a toshe, kunne ba zai buɗe ba. In da mura, ka haƙura. Za su kuma ba ka takardar tambayoyin lafiya, ka faɗi gaskiya. Mai asma, ciwon zuciya ko hawan jini ya ga likita tun a gida. Mai sikila da mai juna biyu kuwa ba su nutso.

Wurin nutso kuwa, ni dai Mnemba na fi so, can arewa maso gabas, daura da Matemwe. Tsibirin kansa ba a sauka, na masu otal ne, a kewayensa ake shiga ruwa. Ina tuna wani kunkuru da ya zo ya gifta ta gabana, har ina ganin zanen ƙoƙon bayansa, ko kallona bai yi ba. Kada ka taɓa murjani, yana yanka kuma taɓi na kashe shi. Ka karya da abu marar nauyi, don igiyar ruwa na sa tashin zuciya a kwale-kwale. In uwargida ba ta son sauka, ta sa rigar da ke hana nutsewa da tabarau mai bututun shaƙa, daga sama ma za ta sha kallon kifi. Akwai kayan iyo masu rufe jiki duka, a saya tun kafin tafiya.

Ranar bakin teku kuma, ka san inda ka kama masauki. A gabas, wajen Paje da Jambiani, ruwa kan janye ya yi nisa, ka fito da shirin wanka ka tarar da fili, mata na ta aikin ciyawar teku da suke nomawa. Sau biyu a yini yake cika ya janye, lokacin kuma yana matsawa da kusan minti 50 kullum, janyewar ta fi tsanani a farkon watan Musulunci da kuma wajen sha huɗu ga watan. Ka nemi jadawalin a otal. Nungwi da Kendwa a arewa sun fi sauƙin wannan, sai dai cunkoso, kuma shigar 'yan yawon buɗe ido ba za ta yi maka daɗin gani ba. Mutanen gari kam galibi Musulmi ne, masallaci da abinci ba matsala. Ka sa takalmin roba in za ka taka cikin ruwa, akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke laɓewa a jikin duwatsu. Rana kuma kada ka raina ta don kana baƙi, tana ƙona kafaɗa.

Takardu ka fara yanzu. Zanzibar cikin Tanzaniya take, bizar Tanzaniya kuwa ga mai fasfon Najeriya sai an tura an tantance, tana ɗaukar lokaci, kada ka biya otal kafin ta fito. Ka riƙe katin rigakafin zazzaɓin shawara. Tun Oktoban 2024 kuma Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorarta ta dala 44. Ka tambayi makarantar nutson ko kuɗinsu ya haɗa da inshorar haɗarin nutso, in bai haɗa ba ka saya daban.