Mutum-mutumi ne ya yi waldar, shin sai an gwada ta?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da harhaɗa ƙarafan wani babban ɗakin taro. Ginshiƙai da bim, wato ƙarafan da ake ɗorawa a kwance a kan ginshiƙai, duk a masana'anta aka ƙero su. Da na nemi takardar gwajin walda, sai suka ce mutum-mutumi ne ya yi, ƙirƙirarriyar basira kuma ta duba da kyamara, don haka ba buƙata. Hankalina ya ƙi kwanciya. In karɓi kayan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sa hannu sai takardar ta zo.

Ba na raina waɗannan na'urori. Zane yakan fito daga manhaja irin Tekla Structures, ya wuce kai tsaye zuwa injin yanka da huda, ramukan su faɗa daidai inda aka ce. Mutum-mutumin walda ba ya gajiya, hannunsa ba ya rawa, har akwai mai auna ƙarfen da hasken leza kafin ya fara, domin bim ba ya fitowa daga kamfanin narka ƙarfe a miƙe ɗoɗar kamar yadda yake a kwamfuta.

Amma wannan magana ta "ai inji ne ya yi" ta ishe ni, kusan kullum sai na ji ta. Kyamara fatar walda kawai take gani. Idan walda ba ta kama jikin ƙarfen daga ciki ba, ko iska ta bar ƙananan ramuka a tsakiya, daga waje za ka gan ta sumul, basirar ma ta ce ta yi. Akwai kuma tsagewar da iskar haidirojin ke jawowa a ƙarfe mai kauri idan ba a ɗumama shi ba kafin walda. Wannan ba ta bayyana nan take, sai ƙarfe ya huce ya kwana. Shi ya sa ƙa'idar Turai ta aikin ginin ƙarfe, EN 1090-2, ta ce a dakata kafin gwaji, wani lokaci har awa 48. To kyamarar da ta duba ƙarfe yana da zafi, me ta gani?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maimaici. Mai walda idan ya kuskure yau, gobe yana iya gyarawa. Inji idan aka saita shi ba daidai ba, kuskure ɗaya zai buga a kowane ginshiƙi, daga na farko har na ƙarshe.

Kuma inji ba ya tambayar ko zanen da aka ba shi daidai ne. A 1981, gadojin tafiya da ƙafa biyu da aka rataya ɗaya a saman ɗaya a cikin otal ɗin Hyatt Regency a Kansas City ta Amurka suka rufto, mutum 114 suka rasu. A zanen masana'anta aka mai da sandar rataya ɗaya ta zama biyu, nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama ya ninka, aka amince ba tare da sake lissafi ba. Da mutum-mutumi aka ba wannan zane, haka zai ƙera shi tsaf.

Ka nemi shaidar ingancin ƙarfen, da rubutaccen tsarin waldar da aka gwada aka amince da shi, da sakamakon gwajin sauti mai ratsa ƙarfe a kan mahaɗai masu ɗaukar nauyi, da sa hannun injiniyan ginin a kan zanen masana'anta. In suka ce lokaci ya ƙure, ka tuna musu mutane ne za su zauna a ƙarƙashin wannan rufi, kuma amanarsu tana wuyanka. Duk ƙarfen da lambarsa ba ta cikin takarda, a ajiye shi gefe.