Basarke da mai fito ba ɗaya ba ne

Tambaya: Malam, ni ɗan Tawa ne, karatu ya kawo ni Yamai. A bakin kogi wajen Gamkalle na ji an ce da wani tsoho Basarke. Daga sarki kalmar ta fito? Kuma duk mai tuƙa jirgi Basarke ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kunne ne ya ruɗe ka, babu sarauta a ciki. Jam'in sarki sarakuna, jam'in Basarke Sarkawa, sana'ar kuma sarkanci. Kalmar 'yar'uwar Sorko ce, sunan da Zabarmawa da Sonrai suke kiran mutanen ruwa na kogin Isa da shi. Sorko ɗin nan ne suka tuƙa jiragen yaƙin Sonni Ali, wanda ya mulki Sonrai daga 1464 zuwa 1492. Waɗanda suka gangara Gaya, Kabi da Yawuri sun zauna cikin Hausawa har harshensu ya koma Hausa, sunan ya bi su. Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne, shugabansu a ƙasar Hausa Sarkin Ruwa ake ce masa.

Wanda ya ƙetare da kai zuwa Harobanda, unguwar da ke hayin kogi a Yamai, ka biya shi, mai fito ne. Mai jefa koma don ya samu na cefane, masunci ne. Basarke yana iya yin duka biyun, amma gado ne ya ba shi sunan. Tsaya ka kalli tsohon nan in zai tashi jirgi: kafin ya tsoma filafili sai ya ƙura wa ruwa ido. Yadda ruwan ke murɗawa ya ishe shi sanin inda dutse ya ɓuya da inda dorina ta kwanta. Kakanninsa da zago, wani irin mashi, suke farautar dorina da ayu, abin da doka ta hana yau. Kuma har gobe, in ƙayar kifi ta maƙale wa yaro a wuya, ko wani ya nutse, ƙofar Basarke ake fara bugawa.

A bakin Zabarmawa sorko yana da wata ma'ana: mai yi wa iskoki kirari a wasan bori, musamman Dongo mai tsawa. Hausa ba ta ɗauko wannan ba, don haka ka kula da wanda kake magana da shi.

Ni dai ba na kiran saurayin da ya sayi inji bara ya ɗaura wa kwalekwale Basarke, ko da ya fi kowa gudu. Matuƙi ya ishe shi.