Amurka da alƙawarin daidaito: nawa aka cika, nawa ya rage?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun tarihi a Zariya. Kullum ina jin 'yan siyasar Amurka suna tinƙaho da cewa an kafa ƙasarsu a kan aƙidar duk mutane daidai aka halicce su. Amma kuma mun ga yadda ɗan sanda ya kashe George Floyd a 2020. Shin wannan magana ta taɓa tabbata kuwa, ko daɗin baki ne kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. A fagen doka an ci nisa ƙwarai, a fagen dukiya kuwa har yanzu da sauran rina a kaba. Ko nisan da aka ci ɗin ma, akasari waɗanda aka ware ne suka ƙwato shi da guminsu da jininsu.

Maganar tana cikin takardar ayyana 'yancin kai ta ranar 4 ga Yuli, 1776. Thomas Jefferson, wanda ya tsara ta, ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Tsarin mulkin 1787 ya ce wajen raba kujerun majalisa a lissafa kowane bayi biyar a matsayin mutum uku. Bawan ba shi da ƙuri'a, sai dai yawansa ya ƙara wa ubangidansa ƙarfi a majalisa. Bayi kusan 700,000 aka ƙidaya a 1790, kafin 1860 sun doshi miliyan 4. A 1857 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Dred Scott, cewa baƙar fata ba zai zama ɗan ƙasa ba.

Duk da haka ba zan kira maganar daɗin baki kawai ba, domin alƙawari kaya ne, kuma wannan an rubuta shi kowa yana iya karantawa. Matan da suka taru a Seneca Falls a 1848 sun ɗauko jimlar, suka gyara ta zama maza da mata daidai aka halicce su. Frederick Douglass, wanda ya gudo daga bauta, ya tsaya gaban farar fata a Rochester a 1852 ya tambaye su me bikin 4 ga Yuli yake nufi ga bawa. A 1963 Martin Luther King ya ce ƙasar ta ba baƙaƙe cak ɗin da banki ya dawo da shi babu kuɗi. Dukkansu da bakin ƙasar suka kama ta.

Abin da nake so ka riƙe a matsayinka na ɗalibin tarihi shi ne tafiyar ba miƙaƙƙiya ba ce. Bayan yaƙin basasa an soke bauta a 1865, an ba baƙaƙe zama 'yan ƙasa a 1868, an hana a hana namiji zaɓe saboda launinsa a 1870. A wannan shekarar Hiram Revels, baƙar fata, ya shiga majalisar dattawa daga Mississippi. Amma da gwamnatin tarayya ta janye hannunta daga kudu a 1877, sai aka soma warware komai ta bayan gida: harajin ƙuri'a, jarrabawar karatu wadda jami'in rajista ne ke yanke wanda ya ci, ga kuma kisan gilla ga duk wanda ya yi taurin kai. A Louisiana baƙaƙe kimanin 130,000 ne ke da rajistar zaɓe a 1896. Zuwa 1904 ba su kai 1,400 ba. Haƙƙin yana nan a rubuce, ba a goge ko harafi ɗaya ba, amma an yi shekaru kusan 60 ba ya aiki.

Mata sun samu ƙuri'a a 1920, 'yan asalin ƙasar kuma sai 1924 aka amince duk 'yan ƙasa ne a ƙasar kakanninsu. Kotu ta haramta wariya a makarantu a 1954, amma a 1960 sai da jami'an tsaron tarayya suka raka Ruby Bridges, yarinya baƙar fata 'yar shekara 6, zuwa makarantar firamare a New Orleans. Iyayen farar fata suka kwashe 'ya'yansu, ta zauna ita kaɗai da malamarta a aji. Dokar hana wariya ta 1964 da dokar kare haƙƙin zaɓe ta 1965 ne suka kawo sauyi na gaske. A Mississippi, baƙaƙen da ke da rajistar zaɓe sun tashi daga ƙasa da kashi 7 cikin 100 zuwa kusan kashi 60 a 1967. Ko ita dokar 1965 ɗin, Kotun Ƙoli ta karya mata ƙafa ɗaya a 2013, lokacin Barack Obama na kan mulki.

Batun Floyd da ka kawo yana da fuska biyu. An kashe shi a titi da rana tsaka, gwiwar ɗan sanda a wuyansa fiye da minti 9, abin da ke ƙona zuciyar duk mai imani. Amma an ɗaure ɗan sandan shekara 22 da rabi. A 1955, waɗanda suka kashe Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, masu taya alƙali yanke hukunci, dukkansu farar fata, cikin kimanin awa ɗaya suka wanke su. Wannan ci gaba ne, ko da yake har yau baƙaƙe, da suke kimanin kashi 13 na jama'a, su ne kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunoni.

Inda na fi ganin an gaza shi ne dukiya, kuma duk Bahaushen da ya san darajar gadon gida da gona zai gane dalili. A Janairun 1865 Janar Sherman ya ware wa 'yantattun bayi filaye, har eka 40 ga kowane iyali. Shekarar ba ta ƙare ba Shugaba Andrew Johnson ya mayar wa tsoffin iyayen gidansu. Daga shekarun 1930 hukumomin gwamnati suka riƙa shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi a taswira, alamar bashin sayen gida a nan kasada ce. A daidai lokacin da iyalan farar fata ke mallakar gidaje da bashi mai sauƙi, baƙar fata yana zaman haya. Sai 1968 aka haramta wariya a harkar gidaje, kuma dokar ta hana ci gaba da zaluncin ne kawai, ba ta biya kowa asarar da ya yi ba. Wanda kakansa ya sayi gida a 1950 ya gaji gida, da shi aka biya masa kuɗin jami'a, da shi ya samu jari. Binciken Babban Bankin Amurka na 2022 ya nuna matsakaicin iyalin farar fata na da dukiyar dala 285,000, na baƙar fata kuwa kimanin dala 45,000, wato ninki shida da ɗoriya.