Dalilin da ya sa ba ma ɗora sabon tol a kan ruɓaɓɓen ƙarfe

Ɗana, ka tambaye ni abin da ya sa muke wahalar da kanmu wajen yanke ƙasan bodin tsohuwar akori-kurar nan muna ƙera sabo mai tudu da kwari, alhali muna iya sayo tol, wato fallen ƙarfe, mai kauri a kasuwar Katako, mu shimfiɗa shi a kan na da, mu bi gefensa da walda, aiki ya ƙare kafin la'asar. Tambayar tana kan hanya, domin akwai garejojin da haka suke yi a nan Yamai, kuma mai mota yakan tafi yana murna.

Motar da ke gabanmu Peugeot 404 ce, irin da kamfanin ya fara fitarwa a 1960, akori-kurarta kuma ta biyo baya a 1967. Ta daɗe tana dakon gishiri da kanwa da buhunan taki da awaki, kuma babu abin da ke cin ƙarfe kamar gishiri da fitsarin dabba. Idan ka rufe wannan tsatsa da sabon falle, ka gina mata ɗaki ne kawai, domin tsakanin fallayen biyu akwai ɗan rata da jar ƙasa za ta cika, ruwan damina da na wanki su shiga, ƙasar ta riƙe laima, sai tsatsa ta riƙa cin sabon ƙarfen daga ƙasa inda ido ba ya gani. Saboda haka muke yankewa har sai mun kai ga ƙarfe mai haske wanda yake amsa guduma da ƙara mai kyau, sannan mu haɗa sabo da tsoho baki da baki.

Batun kauri shi ne inda nake son ka buɗe kunne sosai. Ƙarfin ƙasan bodi daga siffarsa yake fitowa. Dubi kwanon rufi: siriri ne ƙwarai, amma lanƙwasar da aka yi masa ta hana shi lotsawa ta tsawonsa. Falle mai mita 2 a tsawo da mita 1 a faɗi, idan kaurinsa milimita 1.5 ne, nauyinsa bai wuce kilo 24 ba, amma mai milimita 3 ya kai kilo 47, kuma wannan ƙarin nauyi sifirin ɗin motar ne zai ɗauka kullum, ko da kaya ko babu. Duk da haka shimfiɗaɗɗen falle yakan yi kwari tsakanin ƙarafan da ke tallafe da shi, ruwa ya kwanta a ciki. Ni milimita 1.5 nake sa wa ƙasa, 1.2 kuma ga gefe, in bar tudu da kwari su yi sauran aikin.

Kafin ka yanke komai, ka auna bodin daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta ta ɓangarorin biyu, ka tabbata awon ya zo ɗaya, sannan ka ɗaure shi da sandunan ƙarfe na wucin gadi, in ba haka ba da zarar ƙasan ya fita gefunan za su buɗe, ƙofar baya ta ƙi rufuwa. Ka ɗauki zanen tudun da kwali daga wurin da tsatsa ba ta ci ba. Tun da ba mu da injin matsa ƙarfe, sai mu walda sanduna biyu a kan teburin aiki da rata daidai faɗin kwarin, mu ɗaure fallen a kai, mu ɗora sanda ta uku mu bi ta da guduma sannu a hankali, daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sau da yawa. Ka fara da layin tsakiya ka nufi gefe, kuma ka yanka fallen da rara, domin kowane kwari yana cinye faɗi. Wajen lanƙwasa baki ka ɗan zarce kusurwar da kake so, saboda ƙarfe yakan ɗan dawo idan aka sake shi.

Walda kuma ba a jan ta a dogon layi a kan siririn tol, domin zafi zai murɗe shi. Ka ɗiga nan, ka tsallake kamar taƙi guda ka ɗiga can, ka bari ya huce, ka dawo ka cike tsakani. Kafin ka kunna wuta ka cire kan batir, ka sauke tankin mai, kuma idan tol ɗin mai rufin tutiya ne ka goge bakinsa tukuna ka yi aiki a fili, domin hayaƙinsa yana sa zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Idan walda ta ƙare, ka huda ƙananan ramuka a kusurwoyin gaba domin ruwa ya sami mafita, ka shafa fentin hana tsatsa sama da ƙasa a ranar, musamman ƙasa da kan layin waldar, tun kafin a mayar da tankin.